Dawakin da ke cikin tukunyar jirgi

James Watt, injiniya ɗan Sikotlan, ya ƙware wajen ƙera injin tururi, amma sayar da shi sai da dabara. Masu haƙar ma'adinai da masu niƙa a Ingila dawaki suka sani, da su suke juya turmi da janyo ruwa daga rami. Tambayarsu ɗaya ce: injin nan naka dawaki nawa zai hutar mini? Wajen 1782 Watt ya lura da dokin da ke zagaya injin niƙa, ya yi lissafi, ya ce doki ɗaya na iya ɗaga fam 33,000 zuwa tsayin ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya. Shi ne ƙarfin doki, kusan wat 746 a ma'aunin lantarki, ma'aunin da daga baya aka sa wa sunan Watt ɗin kansa.

A cikin lissafin akwai nauyi, akwai kuma lokaci. Nan ne mutane ke ruɗewa game da kan jirgin ƙasa mai tururi. Ja daban, ƙarfin doki daban. Lokacin da jirgi zai tashi daga tasha, tururi na danna fistan da iyakar ƙarfinsa, jan ya kai maƙura, har direba kan zuba yashi a kan dogo don kada ƙafafun su yi ta sulɓi. Amma tunda da ƙyar yake motsi, dawakinsa kaɗan ne a wannan lokacin. Sai ya miƙe da gudu suke ƙaruwa, domin ƙarfin doki ja ne a ninka da sauri.

To me zai hana su yi ta ƙaruwa? Tukunya. Kowane bugun fistan yana shanye tururi, in gudu ya yi yawa tukunyar ba ta iya mayar da abin da aka sha. Shi ya sa kan jirgi mai suna Rocket na su Stephenson ya lashe gasar Rainhill a 1829: bututun tagulla 25 suka ratsa ruwan tukunyarsa, zafin wuta ya sami wurin taɓa shi sosai, tururin da ya gama aiki kuma aka bi da shi ta bututun hayaƙi yana zuƙo iska cikin wuta, kamar zugazugin maƙeri.

Saura kuma hannun mutum. Mai zuba kwal da shebur yana da iyakar abin da ƙashinsa zai ɗauka, kuma kwal mara kyau ba ya ba da wuta mai kyau. Jiragen da suka riƙa kwasar gyaɗa daga Kano da kwal ɗin Inugu suke tafiya. Kan jirgi mai suna Big Boy na kamfanin Union Pacific a Amurka, wanda ya fito a 1941, ya riƙa ba da dawaki sama da 6,000 in yana tafiyar mil 40 a awa, kuma cikinsa ya fi ƙarfin shebur: inji ne ya riƙa tura masa kwal cikin wuta.