Bawa Jan Gwarzo, Sarkin Gobir na Alkalawa

Bawa Jan Gwarzo ɗan Babari shi ne sarkin da Gobir ta kai ƙololuwar ƙarfinta a hannunsa, a kashi na ƙarshe na ƙarni na 18. Masana tarihi sun sha bamban a kan shekarun sarautarsa. Wasu sun ce ya hau gado a 1777 ya rasu a 1795, wasu kuma sun ce rasuwarsa ta zo wajen 1790. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, a zamaninsa babu sarkin da ake shakka kamarsa a yammacin ƙasar Hausa.

Gobirawa mutanen arewa ne. Daga Azbin suka gangaro sannu a hankali saboda matsin Abzinawa, suka zauna a Birnin Lalle, sannan suka ci gaba da matsowa kudu neman ƙasa mai ruwa da albarkar noma. Zamfarawa suka karɓe su baƙunci, suka ba su wurin zama a bakin Gulbin Rima. Baƙo ya yi ƙarfi ya juya wa mai gida. Babari, mahaifin Bawa, ya ci Birnin Zamfara da yaƙi a farkon shekarun 1760, ya mai da Alkalawa babban birninsa. Bayan Babari sarauta ta faɗa hannun ɗansa Ɗan Gudi, daga shi sai Bawa.

Ƙasar da Bawa ya gada sabuwar daula ce da aka kafa da takobi, kuma da takobi ake riƙe ta. Zamfarawa ba su haƙura da abin da aka yi musu ba, Kabi na yamma, Abzinawa na arewa, Katsina kuma na gabas tana ganin an shigo mata gona. Saboda haka rayuwar sarkin kusan duk a kan sirdi ta ƙare. Yaƙi kuwa da dukiya ake yin sa: dawakai, lifidi, sulke da abincin mayaƙa. Nauyin ya faɗa kan talaka da kuɗin ƙasa, ya faɗa kan Fulani makiyaya da jangali. Wannan ƙunci ne ya sa wa'azin wani matashin malami na Degel ya sami kunnuwan saurare.

Malamin shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, ya kuma fara wa'azi wajen 1774. Da farko ya nisanci fada. Sai da jama'arsa ta yi yawa ya je gaban Bawa ya yi masa bayanin addini da wajibcin adalci.

Haɗuwarsu da ta fi shahara ita ce ta Magami, wajen 1788, a lokacin Babbar Sallah. Bawa, wanda a lokacin ya tsufa, ya tara malaman ƙasarsa ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu ya ƙi karɓar tasa. A madadinta ya nemi abubuwa biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke ɗaure, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince da duka. Cikin waɗanda aka ce an saki har da Abarshi, ɗan sarautar Zamfara. Labarin wannan taro ya zo a rubuce-rubucen mutanen Shehu, wato ƙanensa Abdullahi ɗan Fodiyo da kuma Waziri Gidado ɗan Laima, don haka ta bakin ɓangare ɗaya ake jin sa. Duk da haka ya nuna irin sarkin da Bawa yake. Mutumin da ya saba da bakin mashi ya gane cewa wannan malami ba da ƙarfi ake tunkararsa ba. Wasu na ɗaukar amincewar tasa a matsayin rauni na tsufa. Amma abin ya fi kama da dabarar mai mulki: Shehu yana da magoya baya a Zamfara, inda ƙurar tawaye ba ta kwanta ba, kuma jan shi a jiki ya fi araha a kan ture shi.

Ƙarshen Bawa ya zo ta wajen Katsina. Riwaya ta ce rundunarsa ta sha kashi a hannun Katsinawa a Ɗankaishi, ɗansa ya faɗi a fagen fama, baƙin ciki ya kwantar da sarkin, bai wuce kwana 40 ba ya rasu.

Waɗanda suka biyo bayansa ba su iya riƙe ma'aunin da ya riƙe ba. Ƙanensa Yakubu ya mutu a yaƙin Kiyawa. Nafata, wani ƙanen nasa, ya warware alkawarin Magami: ya hana kowa wa'azi in ba Shehu ba, ya hana maza rawani, mata lulluɓi, ya ce wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa. A zamanin Yunfa ɗan Nafata Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, aka gwabza tsakanin jama'arsa da rundunar Gobir a Tabkin Kwatto a watan Yuni, sannan Alkalawa ta faɗi a 1808, Yunfa ya mutu a cikinta.

Gidan sarautar bai mutu da birnin ba. Gobirawa sun ci gaba da faɗa, suka haɗa kai da Katsinawan da suka kafa mulki a Maraɗi, abokan gabar Bawa na jiya. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunarsu a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka rasa rayukansu. Bayan wannan ne Mayaƙi ɗan Yakubu, wanda Bawa baffansa ne, ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Kufan Alkalawa yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni ta jihar Sakkwato a Najeriya, fadar Sarkin Gobir na Tsibiri kuwa tana cikin yankin Gidan Rumji na jihar Maraɗi a Nijar har yau.