Kacala a Kogin Haɗeja

Kacala ciyawa ce ta bakin ruwa, doguwa, wadda kan wuce tsayin mutum. Saiwarta na tafiya a cikin taɓo tana fitar da sabon tsiro, iska kuma na kwasar irinta mai kama da auduga zuwa wasu fadamun. An daɗe da saninta a ƙasar nan, amma sai daga baya ta zama annoba a Kogin Haɗeja, wanda ya biyo ta Wudil da Ringim da Taura ya gangara Haɗeja da Nguru.

Dalilin yana can sama, a jihar Kano. A da, kogin kan cika da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe, kacala ta mutu. Da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, sannan na Challawa a 1992, sai aka riƙa sako ruwa har da rani. Kacala ta samu abin da take so: ruwa mara zurfi, mai tafiya a hankali, wanda ba ya ƙafewa.

Idan ta yi kauri sai ta tare yashi da laka, hanyar ruwa ta cushe. Da damina ruwan ya rasa mafita ya afka gonakin shinkafa da gidaje, kamar yadda Taura da Ringim da Auyo suka sha gani, yayin da wasu garuruwan na ƙasa ke rasa ruwan noman rani. Masunta ba sa samun wurin jefa birgi ko tuƙa kwalekwale. Tsuntsayen jan-baki na kwana a cikinta su wayi gari a kan amfanin gona. Sauro ma ya samu maɓoya, haka nan dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya.

Ƙona ta aikin banza ne, domin saiwar ba ta mutuwa. Abin da ya fi tasiri shi ne yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ta rasa iska ta ruɓe. Al'ummomi kan yi gayya da lauje, gwamnati kuma kan kawo injinan yashe kogi. Sai dai muddin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ba ta daidaita sakin ruwa yadda fadamu za su riƙa bushewa da rani ba, kacalar za ta dawo. A Senegal, inda dam ɗin Diama ya haifar da irin wannan matsala, ana sarrafa ta a yi gawayin girki.