Man Birki Ba Maganin Yoyon Sitiyari Ba Ne

A tashoshin mota na Gwarzo da Kabo akwai wata shawara da direbobi ke ba juna kyauta: in sitiyari ya fara yoyon mai, a tsiyaya masa man birki kaɗan, zai tsaya. Wasu har rantsuwa suke yi sun gwada. Gaskiya ne yoyon kan lafa na 'yan kwanaki, kuma wannan lafawar ce ke yaudarar mutane.

Man sitiyari da man birki ba dangi ba ne. Sil ɗin da ke cikin akwatin sitiyari da famfonsa roba ce da aka yi don zama da man sitiyari. Man birki, DOT 3 ko DOT 4, sinadarinsa daban, cin wannan robar yake yi. Da ya taɓa ta sai ta kumbura ta toshe kafar, direba ya ce an samu lafiya. Kamar waken da aka jiƙa ne: ya kumbura ya cika kwano, amma ɗan yatsa ma murƙushe shi yake yi. Famfon sitiyari kuwa yana tura mai da ƙarfin da kan kai bar 80 ko fiye. Robar da ta jiƙu ba za ta jure ba. Ƙarshenta sil ɗaya da ya mutu ya ja sauran duka, har da tiyo da famfo, a koma kasuwar Ƙofar Ruwa neman kaya sukutum.

Gano inda yoyon yake ba ya bukatar na'ura. A wanke wurin tas, ya bushe, a tayar da mota, wani ya murɗa sitiyari dama da hagu, bakanike na leƙawa da fitila. Kada a danne shi a ƙurewa, nan matsin ya fi tsanani. A fara da bakin tiyo da mahaɗarsa, domin sau da yawa matsalar ba ta wuce nan ba. A Golf da Sharan a matsa robar da ke rufe gefen rak ɗin sitiyari. In mai ya taru a ciki, sil na ciki ya mutu. A motocin da ke da akwati, irin Kanta, a duba inda sandar sitiyari ke shiga da inda hannun ƙasa ke fita. Kuka yayin murɗawa da kumfa a tankin mai alama ce iska ta shiga.

Bayan gyara a zuba man da kamfani ya rubuta. Toyota da yawa jan ATF suke sha, Volkswagen kuwa galibi koren mai take so. A ɗaga ƙafafun gaba, a yi ta murɗawa har iska ta fita. Robar rak in ta yage a sauya nan take, don ƙurar hunturu da taɓon damina na hanyoyin Getso da Garo su ke karce ƙarfen har sabon sil ma ya kasa riƙewa.

Motar da sitiyarinta ya ƙage tana gudu a hanyar Kano zuwa Gwarzo, rayukan fasinja ne a hannun direba. Man da ke ɗiga kan salansa mai zafi kuma kan iya tayar da wuta. Jami'an kula da hanya na VIO da KAROTA sun iya duba takardu. Da za su riƙa duƙawa su leƙa ƙarƙashin mota, shugabannin tasha kuma su hana mai yoyo yin lodi, da shawarar zuba man birki ta mutu da kanta.