FILORANS: BIRNIN DA FATAKE SUKA GINA

A tsakiyar ƙasar Italiya, cikin jihar Toskana, akwai wani tsohon birni wanda Faransawa ke kira Filorans, mutanensa kuma suna ce masa Firenze. Kogin Arno ya ratsa shi ya raba shi biyu. Mazaunansa ba su kai dubu 400 ba, amma kowace shekara miliyoyin baƙi ne ke sauka cikinsa domin ganin gine-gine da zane-zanen da magabata suka bari. Daga Roma, jirgin ƙasa mai sauri yana kai mutum cikin awa ɗaya da rabi.

Yawancin waɗannan baƙi da sun ajiye kaya sai su nufi gidajen ajiyar kayan tarihi, su yi sahu a bakin ƙofa har rana ta take. Ba laifi ba ne, amma sun soma daga wutsiya. Duk ƙawar Filorans daga kasuwa ta fito. Masu saƙar ulu, da marina, da ƴan canji ne suka tara dukiyar da aka biya magina da masu zane da ita. A shekara ta 1252 birnin ya fara buga kuɗinsa na zinariya mai suna filorin, wanda ya samu karɓuwa a kasuwannin Turai, a zamanin da wani babban kaso na zinariyar da ke shiga ƙasashen Bahar Rum daga Afirka ta Yamma yake fitowa, bisa raƙuman da ke ƙetare Sahara.

Mai son shaida sai ya tsaya a ginin da ake kira Orsanmikele. An soma shi a 1337 don ya zama kasuwar hatsi. Daga baya aka toshe ƙofofin ƙasa aka mai da wurin majami'a, aka bar benen sama ya zama rumbun gari saboda shekarun fari da yunwa. A jikin bangonsa na waje ƙungiyoyin sana'a da dama, har da ta mahauta da ta maƙera, an ba kowacce gurbi ta kafa mutum-mutumin waliyyinta. Gasa ce ta kaure tsakaninsu, kowa na neman gwanin da ya fi na ɗan'uwansa, kuma cikin wannan gasa ne irin su Donatello da Giberti suka nuna iyawarsu.

Haka ma babbar majami'ar birnin, ƙungiyar masu ulu ce ta ɗauki nauyin aikinta. Ƙubbarta, wadda Burunelleski ya gina tsakanin 1420 da 1436, ta ci tubali sama da miliyan 4, kuma an tayar da ita ba tare da an kafa katakan tallafi daga ƙasa ba, abin da duk maginin da ya taɓa ɗaure bakan gizo a soro zai san ba ƙaramin aiki ba ne. Matakala 463 ne zuwa ƙololuwa. Mai ciwon gwiwa ya haƙura ya kalla daga ƙasa. Shugabannin wannan aiki ne kuma suka ba Mikelanjelo wani dutsen marmara da wasu suka soma sassaƙa suka watsar, ya fitar da siffar Dawuda mai tsawon sama da mita 5 tsakanin 1501 da 1504. Wanda ke tsaye a dandalin fada yanzu kwaikwayo ne. Na ainihin yana gidan Akademiya tun 1873. A gidan Uffizi kuwa, wanda aka soma ginawa a 1560 don ɗakunan aikin hukuma, nan ne zanen Botticelli da na Lewonardo suke. Da ba don wata mace ba, da an rarraba su cikin fadojin Turai: Anna Mariya Luwiza, ta ƙarshe a gidan Medici, ita ce a 1737 ta ƙulla yarjejeniyar da ta hana fitar da kayan gidansu daga birnin.

Bayan ido ya gaji, ciki yakan yi magana. Kusa da majami'ar San Lorenzo akwai babbar kasuwa mai rufin ƙarfe da gilashi, wadda aka buɗe a 1874. A hawan ƙasa mahauta da masu kifi da masu cuku da man zaitun ke baje kaya tun da sassafe. Akwai ladabin da ya kamata baƙo ya sani: ba a taɓa kayan marmari da hannu, sai a nuna, mai kaya ya zaɓo, ba a kuma tayi, farashi na rubuce. Musulmi ya lura, domin naman alade ya yawaita cikin busasshen naman da aka rataya, kitsensa kuma yakan shiga girki. Tambaya a kan wannan da kan yanka ba abin kunya ba ce.

Abincin da ya fi bayyana halin garin na talaka ne. Lamfuredotto, wato kashi na huɗu na tumbin saniya, ana dafa shi da tumatir da albasa da ganyen ƙamshi har ya yi laushi, a yayyanka, a cusa cikin burodi, a tsoma saman burodin cikin romo, a zuba koriyar miya da yaji. A tsaye ake cinsa, gaban amalanken mai sayarwa, lebura da lauya kafaɗa da kafaɗa. Burodin Toskana ba a sa masa gishiri, kuma shi kaɗai lami ne, sai ya haɗu da miya ake gane hikimarsa. Idan ya kwana ba a zubarwa: ana haɗa shi da farin wake da baƙin kabeji a yi ribollita, ma'anar sunan kuwa "wadda aka sake tafasawa". Ɗumame ke nan, sai dai yau ana kawo shi cikin farantin tangaran da tsada.

A titunan da suka kewaye kasuwar, rumfunan ƴan fata ne: jakunkuna, ɗamara, riguna. Nan kam ana ciniki. Amma ba duk abin da aka rataya ne aikin dukawan Filorans ba, kuma wanda ya taso inda ake jimar fatar jar akuyar Maradi, wadda masana'antun Turai suka daɗe suna nema, hancinsa da yatsunsa za su raba masa gardama. Mai son ganin aikin hannu na gaskiya ya je makarantar dukanci da aka kafa a 1950 a bayan majami'ar Santa Koroce. A unguwar nan ne ambaliyar Arno ta ranar 4 ga Nuwamba 1966 ta fi ɓarna, kuma har yanzu alamun da ke nuna inda ruwa ya kai suna nan a bango, can sama da kan mutum.

Sai dai kasuwar da ta haifi birnin ta daɗe tana shan tura. Tsohuwar gada, Ponte Vekkiyo, wadda aka gina a 1345, mahauta ne ke zaune bisanta har 1593, sa'ad da sarki Ferdinando na Ɗaya ya kore su saboda wari, ya zuba maƙeran zinariya a gurbinsu. A zamanin nan kuwa yawan baƙi ne ke tura ƴan gari: gidajen tsakiyar birni da dama sun koma masaukin kwana biyu, shagunan unguwa sun koma na tsaraba. A 2014 an mai da benen babbar kasuwa wurin cin abinci, inda harsunan waje suka fi Italiyanci tashi. A 2018 magajin gari ya kai ga hana tsayawa cin abinci a wasu tituna huɗu a lokutan kalaci, da tarar da za ta iya kai ero 500, kimanin jika 328 na kuɗin sefa.

Matan gari da yawa kasuwar Sant'Amborojiyo suke zuwa, can gabas, wadda aka buɗe a 1873. Manoman karkara na kawo ganye da wake da safe, kafin azahar ta wuce an soma kwashe tebura.