Ambaliyar Maiduguri: A Daina Nuna Kamaru da Yatsa

Da an ce ambaliya ta ci wani gari a Arewa, kafin gari ya waye za ka ji amsa ɗaya a majalisa da teburin mai shayi: ai Kamaru ce ta saki ruwa. Haka aka yi ta faɗa lokacin da ruwa ya mamaye Maiduguri a daren Talata, 10 ga Satumba 2024, kuma har yau da masu wannan magana. Abin na damuna, domin tana rufa wa masu laifin gaske asiri.

Ambaliya iri-iri ce: akwai ta mamakon sama da ke cika unguwa saboda magudanai sun toshe, akwai ta kogi idan ya yi toroƙo, akwai ta ɓallewar dam. Ɗumamar duniya kuwa duk ta ƙara musu ƙarfi, tunda iska mai zafi ta fi ɗaukar damshi, ruwan mako guda sai ya zubo a dare ɗaya.

Ta Maiduguri iri na uku ce. Dam ɗin Alau, wanda aka gina a shekarun 1980 a kan kogin Ngadda don noman rani da ruwan sha, shi ne ya ɓalle. Lagdo kuwa, dam ɗin Kamaru da ake zargi, yana kan kogin Binuwai ne kusa da Garwa, ruwansa Yola yake nufa, ya bi Makurɗi zuwa Lakwaja. Ko ɗigonsa ba ya zuwa Maiduguri. Kuma ba wannan ne karon farko ba: a Satumbar 1994 ruwan Alau ya taɓa cin garin. Shekara 30 cur aka samu na gyara da shiri. Amma ga shi mutanen Gwange sun farka tsakar dare ruwa ya kai gado, mata ɗauke da yara a wuya da ƙullin tufafi a ka suna laluben tudu cikin duhu. Ruwa ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, kadojin gidan zoo na Sanda Kyarimi suka fantsama cikin unguwanni. Ruwa ba ya tsami banza.

To ko inda Lagdo ke da hannu da gaske, mu tsaya mu duba namu. An kammala Lagdo a 1982, kuma tun lokacin aka tsara Najeriya za ta gina nata a Dasin Hausa, cikin ƙaramar hukumar Fufore a Adamawa, domin ya tare rarar ruwan da Kamaru za ta saki, ya ba da lantarki, ya shayar da gonaki. Dole ne mai dam ya rage ruwa idan ya cika, in ba haka ba bangon ne zai tafi gaba ɗaya. Kamaru ta gina nata, namu ya ƙare a takarda. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. A 2022 mamatan sun haura 600. Duk lokacin sai a tuna da Dasin Hausa a majalisa, a kafa kwamiti, rani na shigowa a manta. Yara nawa ne a makarantunmu suka taɓa jin sunan wurin?

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga jami'i ya tsaya gaban buhunan shinkafa da katifu yana cewa ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma tsagewar bango da lakar da ta cika gindin dam aikin injiniya ne da kasafin kuɗi. Jama'ar da ke zaune ƙasa da Tiga da Goronyo da Dadin Kowa su tambayi wakilansu tun kafin saukar damina: yaushe aka duba bangon dam ɗinmu, wa ya duba, ina rahoton, kuma in ruwa ya taso da dare wa zai tashe mu, ina za mu nufa?