Alluran Hana Daskarewar Jini a Ma'aunin Likitanci da Fiƙihu: Wane Majiyyaci ne Yake da Madadi?

Gabatarwa

Daga cikin tambayoyin da ke isowa ga malamai daga asibitoci akwai ta allurar hefarin. Likita zai rubuta ta ga mai jegon da aka yi wa tiyata, ko dattijon da ya karye a ƙugu, ko mai wankin ƙoda, sai wani daga cikin dangi ya karanta takardar da ke cikin kwalin maganin, ya tarar cewa daga hanjin alade aka samo shi. Daga nan sai zukata su rabu: wani ya ce a dakatar, wani ya ce a ci gaba. Malaman usulu sun tabbatar da cewa yanke hukunci a kan abu yana biyo bayan fahimtar haƙiƙaninsa. Don haka wannan maƙala za ta fara da kwatanta alluran kamar yadda likitoci suka san su, sannan ta auna su da ƙa'idojin istihala da larura. Abin da take son tabbatarwa shi ne cewa hukuncin yana bin halin majiyyaci, domin maganin da ya zama madadi mai tsarki ga wani yana iya zama haɗari ga wani.

Cutar da ake gudu

Daskarewar jini a bakin rauni rahama ce daga Allah, da ba don ita ba da ɗan yanka kaɗan ya isa ya halaka mutum. Matsala tana tasowa idan jinin ya daskare a cikin jijiya. Galibi gudan jinin yakan fara ne a manyan jijiyoyin ƙafa masu mayar da jini zuwa zuciya, sai ƙafar ta kumbura ta yi zafi. Idan wani yanki ya ɓalle, jini zai kwashe shi ya ratsa zuciya ya toshe jijiyar huhu, kuma hakan na iya kashe mutum cikin mintuna. Waɗanda suka fi fuskantar wannan haɗari su ne wanda aka yi wa babbar tiyata, da wanda ya daɗe a kwance, da mai ciwon daji, da mai juna biyu, musamman a makonni 6 na farko bayan haihuwa.

Jama'a sun saba kiran waɗannan magunguna masu tsinka jini, amma aikinsu na haƙiƙa shi ne rage saurin daskarewa. Suna hana sabon guda samuwa, suna hana wanda ya riga ya samu ƙaruwa, har jiki ya narkar da shi da kansa. Ana ba da su da ƙaramin awo don rigakafi, da babban awo don magani.

Kashi uku na alluran

Na farko shi ne hefarin na asali. An gano shi a Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka a 1916, aka fara yi wa mutane amfani da shi a shekarun 1930 a Toronto da Stockholm. Dogon zare ne na sinadaran sukari wanda jikin dabba ke ƙerawa. Yana aiki ta hanyar ƙarfafa wani mai tsaro da Allah Ya sanya a cikin jini, wato antitirombin, sai shi kuma ya dakatar da sinadarai biyu na daskarewa: tirombin da sinadari na goma. Rabin ƙarfinsa yana gushewa daga jini cikin kimanin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Don magani ana ɗura shi ta jijiya ba yankewa, ana gwajin jini a kai a kai; don rigakafi ana yin yunit 5,000 a ƙarƙashin fata sau biyu ko sau uku a rana.

Na biyu shi ne hefarin mai gajeren zare, wanda ake samu ta hanyar daddatsa na asali har matsakaicin nauyinsa ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku. A nan ake samun inoksafarin, wanda aka fi sani da Clexane, da daltefarin, da tinzafarin. Ya fi karkata ga sinadari na goma, ya fi daɗewa a jiki, kuma ana iya ƙiyasta tasirinsa daga nauyin majiyyaci, shi ya sa galibi ba ya buƙatar gwajin jini na kullum, har majiyyaci na iya yi wa kansa a gida. Awon inoksafarin da aka saba shi ne miligiram 40 sau ɗaya a rana don rigakafi, ko miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin jiki sau biyu a rana don magani.

Na uku shi ne fondafarinuks, mai sunan kasuwa Arixtra, wanda aka amince da shi a Amurka a 2001. Masana sun gano cewa ƙwayoyin sukari biyar kacal a cikin zaren hefarin su ne ke kama antitirombin, sai suka ƙera kwatankwacinsu a ɗakin haɗa magunguna ba tare da wani ɓangaren dabba ba. Ana yin sa sau ɗaya a rana, miligiram 2.5 don rigakafi. Akwai kuma argatiroban da bibalirudin, su ma ƙerarru ne, sai dai ana ɗura su ta jijiya a asibiti, a wasu halaye keɓantattu.

Inda suka bambanta

Mai kallo daga nesa zai ce magana ta ƙare: tunda akwai fondafarinuks mai tsarki, me ya kai Musulmi ga na alade? Abubuwa huɗu ne ke hana wannan amsa zama ta kowa.

Na ɗaya, ƙoda. Fondafarinuks yana fita daga jiki ta ƙoda, kuma rabin ƙarfinsa ba ya gushewa sai bayan awa 17 zuwa 21. Idan ƙoda ta yi rauni ƙwarai sai ya taru a jini ya jawo zubar jini, don haka an hana ba irin wannan majiyyaci. Mai gajeren zare ma yana taruwa, sai an rage awonsa. Hefarin na asali shi ne ya fi aminci a nan, kuma da shi aka fi hana jini daskarewa a cikin na'urar wankin ƙoda.

Na biyu, makari. Duk waɗannan magunguna suna iya jawo zubar jini. Idan hakan ta faru, akwai furotamin, wanda ake samu daga kifi. Yana karya ƙarfin hefarin na asali gaba ɗaya, yana karya wani sashe na mai gajeren zare, amma ba ya tasiri a kan fondafarinuks. Wannan ne dalilin da ya sa a tiyatar zuciya, inda ake karkatar da jini ta cikin na'ura sannan a buƙaci ya koma daskarewa da zarar an gama, hefarin na asali ne abin dogaro.

Na uku, juna biyu. Hefarin, na asali da mai gajeren zare, ba ya ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan tayi, kuma an daɗe ana amfani da shi ga masu ciki. Fondafarinuks yana ratsawa kaɗan, kuma daɗewarsa a jiki tana wahalar da shirin haihuwa, shi ya sa likitoci ke ajiye shi don wadda jikinta ya ƙi hefarin. Ƙwayar warfarin da ake sha tana iya nakasa ɗan tayi, sababbin ƙwayoyi irin su ribaroksaban kuma ba a ba masu ciki. Mai gajeren zare shi ne zaɓin farko ga mai juna biyu.

Na huɗu, bijirewar garkuwar jiki. A wasu majiyyata, galibi tsakanin kwana 5 zuwa 10 da fara hefarin, garkuwar jiki takan tayar da ƙananan ƙwayoyin jini masu toshe rauni, adadinsu ya faɗi, jini kuma ya ƙara daskarewa maimakon raguwa. Wannan ya fi faruwa da na asali, ya yi ƙaranci da mai gajeren zare, kuma da ƙyar ake ganinsa da fondafarinuks. Idan ya faru, wajibi ne a tsayar da kowane irin hefarin a koma ga ƙerarru. A nan maslahar likitanci da tsarkin asali sun haɗu a wuri ɗaya.

Asali da mas'alar istihala

Mafi yawan hefarin da ke kasuwannin duniya a yau daga fatar cikin hanjin alade yake, kuma ƙasar Sin ce kan gaba wajen samar da ɗanyensa. A da ana samun na huhun shanu, amma ya ɓace daga kasuwannin Amurka da Turai a shekarun 1990 saboda tsoron cutar haukan shanu, ko da yake ƙasashe irin su Barazil da Ajantina sun ci gaba da sarrafa na shanu.

A mashhurin mazhabar Malikiyya duk mai rai mai tsarki ne, har da alade, amma yanka ba ya tsarkake shi, saboda haka hanjinsa bayan mutuwa najasa ne kamar yadda yake a sauran mazhabobi. Tambayar ita ce ko sarrafawa ta mayar da shi wani abu dabam. Hanafawa da Malikawa da Ibn Hazm da Ibn Taimiyya suna ganin najasa tana tsarkaka idan haƙiƙarta da siffofinta suka juya, kamar giya ta koma khalli ko jini ya koma almiski. Mashhurin Shafi'awa da Hanbalawa ya taƙaita hakan ga wurare kaɗan. Taron Ƙungiyar Musulunci ta Ilimin Likitanci da aka yi a Kuwait a 1995 ya rinjayar da ra'ayi na farko.

Sai dai ana buƙatar lura wajen ɗora ƙa'idar a kan waɗannan magunguna. Hefarin na asali ciro shi ake yi daga hanji a tace shi, zarensa kuma yana nan kamar yadda jikin dabbar ya ƙera shi. Da'awar istihala a kansa tana da rauni. Mai gajeren zare kuwa ana daddatsa shi da sinadarai ko da wani inzayim, nauyinsa da yanayin aikinsa su sauya, don haka hujjar ta fi ƙarfi a kansa, duk da cewa mai jayayya zai iya cewa gajarta zare ba ta kai juyawar haƙiƙa ba. Saboda haka ba ya kyautuwa a ɗora dukan fatawar a kan istihala ita kaɗai.

Larura da ma'anar madadi

Alƙur'ani ya ambaci haramcin naman alade a wurare huɗu: Baƙara aya ta 173, Ma'ida aya ta 3, An'am aya ta 145, da Nahl aya ta 115, kuma a dukkansu an ɗauke laifi daga wanda larura ta tilasta. A ɗaya ɓangaren akwai hadisin Abud Darda'i a Sunan Abi Dawud wanda ya yi umarni da neman magani ya kuma hana yin magani da haram. Malikawa da Hanbalawa sun tsananta a wannan babi, Shafi'awa kuma sun yi rangwame a najasar da ba giya ba idan babu mai tsarkin da zai tsaya a madadinta. Daga cikin dalilan masu tsanantawa akwai cewa waraka da magani zato ce, alhali kuɓutar mai yunwa da cin mushe yaƙini ce. Amfanin hefarin ga wanda gudan jini ya toshe masa huhu ya tabbata ta gwaje-gwaje na shekaru masu yawa, don haka ya fi kusa da halin mai yunwar.

Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta tattauna wannan mas'ala a zamanta na 17 a Makka, a shekarar 1424 bayan Hijira, daidai da 2003. Ta halatta magani da hefarin mai gajeren zare idan babu halastaccen madadin da zai wadatar, ta ce kada a faɗaɗa amfani da shi fiye da buƙata, kuma a koma ga mai tsarki idan ya samu. Ta kuma yi kira ga ministocin lafiya na ƙasashen Musulmi da su nemi a sarrafa shi daga lafiyayyun shanu.

Ginshiƙin wannan hukunci shi ne kalmar madadi. Madadi na shari'a shi ne wanda ya dace da jikin wannan majiyyaci, yake samuwa a garinsa a lokacin da ake buƙata, kuma yake iya saye. Ga wanda ƙodarsa ke lafiya, aka yi masa tiyatar gwiwa ko ƙugu, fondafarinuks madadi ne na gaskiya, kuma neman sa shi ne abin da ya kamata. Ga mai juna biyu, da mai wankin ƙoda, da mai tiyatar zuciya, da wanda ake tsoron jini ya ɓalle masa, hefarin ne maganinsa, kuma ba shi da laifi. Hana shi a irin wannan hali jefa rai ne cikin halaka, alhali kiyaye rai yana cikin manufofi biyar na shari'a.

Allurar da azumi

Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na 10 a Jidda a 1997, ta zartar da cewa allurar magani a ƙarƙashin fata ko a tsoka ko a jijiya ba ta karya azumi, sai wadda take ciyarwa. Don haka mai allurar inoksafarin ba ya buƙatar tsallake ta ko jinkirta ta saboda Ramadan. Ko halinsa ya ba shi damar azumin tun farko, wannan tambaya ce ta dabam da likitansa zai taimaka wajen amsawa.

Kammalawa

Mas'alar tana ɗora nauyi a kan ɓangarori uku. Malamin da aka tambaya ya fara da bincika wane irin hefarin ne, don me aka rubuta shi, yaya ƙodar majiyyaci take, ko mai ciki ce, kuma kada ya umarci kowa ya tsayar da allurar ba da sanin likita ba, domin kwana ɗaya ba magani na iya isar gudan jini ya kai huhu. Likita ya bayyana wa majiyyaci asalin maganin da gaskiya, ya gabatar da mai tsarki duk inda ya dace. Al'umma kuma ta tuna cewa rangwamen larura ga majiyyaci aka yi shi, amma samar da hefarin daga dabbar da aka yanka bisa shari'a farali ne na kifaya da ke kan masu ilimi da masu dukiya da masu mulki. Allah Shi ne Mafi sani.