Katakon Kabad: A Dubi Gara Da Hunturu Kafin A Dubi Ado

A cikin Birnin Kano, da zarar an sa ranar biki, sai uban amarya ya doshi shagon kafinta a yi masa kabad na ajiye kwanuka da tasoshi da kayan miya. Yawanci fenti da madubi a kan yi ciniki a kansu, ba a tambayi katakon ba. Shekara biyu sai ka ga ƙofa ta karkace, ƙafafu sun zama gari.

Abu biyu ke kashe kabad a Birni. Na farko gara, wadda ke bin bangon ƙasa, ga shi kuwa har yanzu akwai gidajen tubali da yawa a unguwanni irin su Yakasai da Koki da gindin Dala. Na biyu hunturu. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 a ke kawo katako daga Kudu, inda iska ke da laima. Katakon da a ke cewa ya bushe a Sapele, in ya zo Kano ya sha iskar Janairu, sai ya ƙara tsukewa, kuma ta faɗi ya ke tsukewa, ba ta tsawo ba. Shi ya sa haɗi ke buɗewa. Saboda haka wanda ya sayi katako a 'Yan Katako na Na'ibawa, lalle ya jera shi a inuwa, da 'yan sanduna tsakanin kowane falle, ya sha rani guda tukuna. Kafinta mai gaggawa ba zai so jin wannan ba.

To, wane itace? Maɗaci shi ne na kowa: ja ne, yana karɓar fenti, ƙarfinsa daidai. Kawo ya fi shi ƙwari, gara ba ta cika sonsa ba, kuma ba ya motsi sosai tsakanin rani da damina, sai dai nauyi da tsada. Iroko na Kudu shi ma yana jure wa jiƙa, ya dace da wurin da a ke wanke-wanke. Maɗobiya tana da kyan gani, amma an sare ta ƙwarai a wajen Taraba ana kai wa ƙasar Sin, har a 2017 a ka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Ƙirya kuwa a bar wa masu sassaƙar turmi, tana dakushe zarto.

Obece da maje araha gare su, amma laushi ne da su, ƙwaro na huda su. Haka kuma falle irin na zamani da a ke matsa garin katako da gam, ruwa ya taɓa gefensa sai ya kumbura, ba ya komawa.

Ba dole ba ne kabad duka ya zama na itace mai tsada. Ƙafafu da ginshiƙai a yi su da kawo ko iroko, ƙofofi da maɗaci, baya kuwa filawud ya isa. Mai saye ya dubi bakin falle: jan ciki shi ne mai ƙarko, farin gefe abincin ƙwaro ne ko da na kawo ne. In an kawo gida, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, a riƙa share ƙarƙashinsa.

Manoma su lura da dalbejiya, watau dogon yaro, wadda a ka fara shukawa a Borno a 1928. Tana girma a ƙasar Kano ba wahala, katakonta ja-ja ne, danginsu ɗaya da maɗaci, gara kuma ba ta cika damunta ba. Wanda ya shuka ta a iyakar gona, ya riƙa sare rassan ƙasa tun tana ƙarama don ta miƙe sak, zai sami gungumen da mai zarto zai saya.